Theodor Fontane: Tsohon da ya gurfanar da “me mutane za su ce”

A Jamus da wuya yaro ya gama sakandare bai ci karo da sunan Theodor Fontane ba. Akwai tituna da makarantu da kantunan magani masu ɗauke da sunansa, kuma tun 1998 hukuma ta liƙa wa Neuruppin, garin da aka haife shi, laƙabin “garin Fontane”. Mu a nan ba kowa ya taɓa jin sa ba, har cikin waɗanda suka yi boko mai zurfi, domin adabin Turai da ya iso mana ta makaranta ko dai na Ingila ne ko na Faransa. Ni ma a fassara na karanta shi. Abin da ya fara tsayar da ni a tarihinsa kuwa shekarunsa ne. Dogon ƙagaggen labarinsa na farko ya fito a 1878, yana da shekara 58. Wanda duniya ta fi saninsa da shi, Effi Briest, ya fito a 1895, yana da 75. Wato lokacin da tsararrakinsa suka ajiye aiki suna wasa da jikoki, shi a lokacin ne ya ɗaura ɗamara.

An haife shi ranar 30 ga Disamba 1819. Sunan nan Fontane asalinsa na Faransa ne. Kakanninsa, ta wajen uwa da uba, suna cikin Kiristoci ’yan Furotesta da suka tsere daga Faransa bayan Sarki Louis na 14 ya soke dokar da ta ba su ’yancin yin addininsu a 1685. A wannan shekarar mai mulkin Brandenburg ya yi shela daga Potsdam cewa ƙofarsa a buɗe take, kimanin mutum 20,000 suka kwararo. Suka kafa al’ummarsu a Barlin da kewaye, da majami’unsu da makarantunsu, har da kotunansu. Duk wanda ya tashi a zango ya san irin wannan zama: ƙasar taka ce, a cikinta aka binne kakanka, amma sunanka kullum yana tuna wa mutane daga inda kuka fito. Zuwa zamanin Fontane zuri’ar ta riga ta saje, shi kansa mai kishin Purushiya ne na gaske. Duk da haka ina ganin wannan asali ya bar masa wani abu, wato idon mutumin da yake cikin gida amma yana zaune kusa da ƙofa, yana ganin abin da masu gidan suka saba da shi har suka daina gani.

Mahaifinsa, Louis Henri, mai haɗa magunguna ne, mutum mai daɗin baki da yawan labarai, musamman na Napoleon da janar-janar ɗinsa. Sai dai caca ta yi masa katutu. Bashi ya sa ya sayar da kantinsa na Neuruppin, a 1827 iyalin suka koma Swinemünde, wani garin bakin teku da yau yake cikin Poland. Daga baya iyayen suka raba gida ba tare da saki ba. Yaron ya bi sana’ar uban. A 1836 ya shiga koyon haɗa magani a Barlin, ya yi aiki a Leipzig da Dresden, ya sami takardar shaidar ƙwarewa, amma kuɗin da zai sayi kantin kansa babu. Yana auna gari a sikeli, zuciyarsa tana wajen waƙa. A 1849 ya jingine sana’ar baki ɗaya, a 1850 ya auri Emilie Rouanet-Kummer bayan shekara biyar da baiko.

Shekaru talatin da suka biyo baya na neman abinci ne da alƙalami, kuma ba duka ne abin tinƙaho ba. Mutumin da aka gani cikin masu bore a titunan Barlin a juyin 1848, bayan shekara biyu sai ga shi a ofishin watsa labaran gwamnatin da ya yi wa boren. Ciki ba ya jiran aƙida. Gwamnatin ta tura shi Landan, ya zauna daga 1855 zuwa 1859, da ya dawo ya yi shekara goma a Kreuzzeitung, jaridar masu ra’ayin riƙau na ƙarshe. Ya rubuta manyan littattafai a kan yaƙe-yaƙen Purushiya na 1864 da 1866 da 1870, waɗanda yau sai masu bincike ke buɗewa. A yaƙin ƙarshen ne ya kusa rasa ransa. A watan Oktoba 1870 son ganin tarihi ya ja shi ya bar bayan sojojin ƙasarsa ya shiga Domrémy, ƙauyen da aka haifi Jeanne d’Arc, Faransawa suka cafke shi a matsayin ɗan leƙen asiri. Aka yi ta yawo da shi daga kurkuku zuwa kurkuku har tsibirin Oléron. Sai da mutane da dama suka sa baki, har da Bismarck, sannan aka sake shi. Ya dawo ya rubuta littafin zamansa a hannun abokan gaba, ya yi musu adalci a ciki, a lokacin da kowa a Jamus yake bugun ƙirji.

Aikin da ya fi amfanarsa a waɗannan shekaru shi ne yawon da ya yi a ƙauyukan Brandenburg. Tunanin ya zo masa a Sikotilan a 1858, inda ya ga yadda ake daraja tsofaffin gidaje da kufai, ya ce ai ƙasarsa ma tana da nata. Ya shiga ƙauye-ƙauye, yana karanta rajistar majami’u, yana zama da limaman coci da malaman makaranta da masu tuƙa keken doki, yana cin abinci a gidajen masu gadon sarauta. Littattafai huɗu suka fito daga wannan yawo tsakanin 1862 da 1882. A nan ne ya koyi yadda kowane aji yake magana, da abin da kowane aji ba ya faɗi.

A 1876 abokai suka samo masa muƙami mai albashi da fansho, sakataren Cibiyar Fasaha ta Barlin. Watanni kaɗan ya yi ya ajiye. Gida ya ɗauki zafi sosai. Masu rubuta tarihinsa sukan nuna Emilie a matsayin matar da ba ta fahimci baiwar mijinta ba, ni kuwa ina ganin ba a yi mata adalci. Mace ce da ta tashi a hannun riƙo, ta binne jarirai uku, ta yi shekara 26 tana lissafin kuɗin cefane, ga shi mijinta mai shekara 56 ya dawo ya ce ya bar aikin gwamnati zai zauna ya rubuta labarai. Wace ce za ta yi guɗa? Kuma ita ɗin ce dai ta riƙa kwafe rubuce-rubucensa da hannunta, shafi bayan shafi, kafin a kai wa maɗaba’a.

To, wane irin labari yake rubutawa? Masana suna sa shi a sahun marubutan zahiri, waɗanda suka bar jarumai da aljanu suka koma ga rayuwar yau da kullum. Amma zahirin Fontane na daban ne. Ba ya kai ka unguwar matalauta ya nuna maka ƙazanta. Zaunar da kai yake a teburin cin abinci, ko cikin ayarin masu fita shan iska, ya bar mutane su yi ta hira. Kana sauraro kana cewa ba abin da ke faruwa, sai can ka farga an riga an yanke wa wani hukunci tsakanin miya da shayi. A Frau Jenny Treibel, ’yar mai kantin kayan masarufi ce ta auri attajiri, kullum bakinta waƙa da soyayya da raina abin duniya, amma ranar da ɗanta ya ce zai auri ’yar malamin makaranta marar dukiya sai ta fito da faratanta. A Irrungen, Wirrungen, hafsan soja ɗan sarauta, Botho, yana son Lene, yarinya mai ɗinki. Su biyun sun san ba za a yi auren ba. Ba wanda ya sha guba, ba wanda ya faɗa kogi. Shi ya auri ’yar’uwarsa mai kuɗi, ita ta auri wani mutumin kirki, kowa ya ci gaba da rayuwa da tabonsa. Da jaridar Vossische Zeitung ta riƙa buga labarin kashi-kashi a 1887, masu karatu suka yi ca. Hafsa ya yi wasa da ’yar talakawa ba sabon abu ba ne a wurinsu. Abin da ya ƙona musu rai shi ne yarinyar ta fito ta fi kowa a littafin mutunci.

Effi Briest ne ya kai wannan salo ƙarshe, kuma a kansa nake so in ɗan daɗe. Effi yarinya ce ’yar shekara 17, tana wasa da ƙawayenta a lambun gidansu aka kira ta ciki aka ce ga mijinta. Baron Innstetten ne, mai shekara 38, babban jami’in gwamnati mai kula da gunduma, wanda a samartakarsa ya nemi auren mahaifiyarta bai samu ba. Ba a yi mata dole ba, da kanta ta amsa, domin an rene ta a kan cewa miji mai muƙami da asali shi ne miji. Ya kai ta Kessin, wani garin bakin teku da Fontane ya gina a kan Swinemünde na yarintarsa. Gida mai duhu, ana raɗe-raɗin fatalwar wani Basine tana yawo a saman bene, miji kullum yana wajen aiki, kuma maimakon ya kwantar mata da hankali sai ya bar tsoron ya zauna, don mace mai tsoro ta fi sauƙin riƙo. Ta haifi ’ya, Annie. Kaɗaici ya jefa ta hannun wani Manjo Crampas, mai mata, sananne wajen neman mata. Mai karatu ya lura, Fontane bai nuna wannan alfasha ko a layi ɗaya ba. Sai dai ka ga Effi ta yawaita fita yawo ita kaɗai, ka ga ta fara ƙarya. Da aka yi wa mijin ƙarin girma zuwa Barlin ta ji kamar an cire ta daga rijiya. Maganar ta mutu.

Bayan fiye da shekara shida, Effi tana can wurin jinya a wani garin ruwan magani, Annie ta faɗi a matakala ta fasa goshi. Masu aiki suka ɓalle teburin ɗinkin uwar gida suna neman bandeji, sai ga tsofaffin wasiƙun Crampas. Innstetten ya karanta.

Abin da ya biyo baya shi ne zuciyar littafin. Innstetten ya kira abokinsa Wüllersdorf ya ce ya je ya kai wa Crampas saƙon fito-na-fito da bindiga, kamar yadda al’adar hafsoshi da ’yan sarauta ta tanada. Abokin ya tambaye shi ko lallai ne. Shekaru sun wuce, ba wanda ya sani. Innstetten ya amsa da bakinsa cewa ba ya jin ƙiyayya, ba ya jin ƙishin ramuwa, har yanzu yana son matarsa, zuciyarsa ma ta fi karkata ga yafiya. To me ya rage? Ya ce mutum ba shi kaɗai yake rayuwa ba, akwai wani abu da jama’a suka gina wanda ba ya tambayar soyayya, ba ya kuma lissafin shekaru. Sannan ya kawo hujjar da ta fi ba ni tsoro: tun da ya riga ya faɗa wa Wüllersdorf, asirin ya sami mutum na biyu, daga yau duk sanda aka yi zancen mutunci a gabansa zai riƙa satar kallon fuskar abokin. Wato shi da kansa ya je ya ƙirƙiro “mutane”, sannan ya ce mutane sun tilasta masa. Wüllersdorf ya sallama, ya kira wannan al’ada tasu bautar gunki, amma ya ce muddin gunkin yana tsaye sai an rusuna masa. Mutum biyu masu ilimi da hankali, ba wanda ya yi imani da abin da za su aikata, suka tashi suka aikata. Aka koma Kessin, Crampas ya faɗi matacce a cikin yashin bakin teku.

Aka saki Effi, aka raba ta da ’yarta. Mahaifiyarta ta rubuto mata cewa za su riƙa aiko da kuɗi amma ba za ta dawo gida ba, domin dole duniya ta ga sun yi tir da abin da ta yi. Ta zauna a wani ɗan gida a Barlin da Roswitha, mai aikinta, wadda ita ma ta taɓa haihuwa ba aure, kuma ita kaɗai ce ba ta tsaya tambayar me za a ce ba. Bayan shekara uku aka bar Annie ta ziyarce ta sau ɗaya. Yarinyar ta zo an riga an horar da ita, duk abin da uwar ta ce sai ta mayar da amsa ɗaya ta ladabi kamar aku. Wannan ne ya karya Effi. Sai da likita ya rubuta wa iyayen cewa ’yarsu tana mutuwa, sannan uban ya buga mata waya ta tangaraho mai kalma biyu, ya kira ta gida. A can ta rasu, ba ta kai talatin ba.

Fontane bai wanke Effi ba. Ita kanta ta san ta yi laifi, har tana damuwa da cewa tsoron tonuwar asiri ya fi nadama yawa a zuciyarta. Bai kuma mayar da Innstetten dodo ba. Da wata mai karatu ta rubuto masa tana tsine wa mutumin, kare shi ya yi. Wannan ne ya sa littafin yake da nauyi. Da mugu ne, da sai mu zage shi mu rufe littafi mu yi barci. Amma mutumin kirki ne mai riƙon amana, irin wanda za ka so ya zama maƙwabcinka. Ni da aka koya mini tun ina ƙarami falalar rufa asirin ɗan’uwa, na karanta wannan hira tasu ina cewa ga ƙofa nan a buɗe, bawan Allah, ka ƙona takardun nan. Sai kuma na tuna sakin aure nawa na gani a cikinmu wanda ba zuciyar miji ce ta yi shi ba, majalisar ƙofar gida ce, da ’ya’ya mata nawa aka hana su dawowa ɗakin uwarsu don kada a ce.

Akwai wani wuri kusa da ƙarshen littafin da ya shafe mu kai tsaye. Innstetten ya sami babban muƙamin da ya yi ta nema, ya tarar ba ya jin daɗin komai. Sai ya ce wa Wüllersdorf yana tunanin ya tattara ya tafi Afirka, cikin baƙaƙen fata waɗanda, a cewarsa, ba su san wayewa ba, ba su san mutunci ba, don haka sun huta. A tuna, a 1884 ne Jamus ta kafa tutarta a Togo da Kamaru, kuma taron Barlin da aka tsara rabon nahiyarmu, daga Nuwamba 1884 zuwa Fabrairu 1885, an yi shi ne a fadar Bismarck, tafiyar ƙafa daga gidan da Fontane yake haya. Maganar ta ɗan wasan cikin labari ce, abokin ma dariya ya yi masa. Amma dariyar ta tafiyar ce, ba wanda ya musa cewa baƙar fata bai san mutunci ba. Na yi murmushi a nan. Da Innstetten ya iso Garwa ko Sansanne Mango a shekarun nan, da ya tarar da mutanen da kunya da mutunci suka ɗaure su tamau fiye da shi.

Ba nan kaɗai idon tsohon ya gaza ba. A wasiƙunsa, musamman na ƙarshen rayuwa, akwai maganganun ƙyamar Yahudawa masu muni, alhali Yahudawan Barlin suna cikin waɗanda suka fi sayen littattafansa da karrama shi. Ranar da ya cika 75, ’yan sarautar Brandenburg da ya ƙare rayuwarsa yana rubuta tarihinsu ba su ko leƙo ba, Yahudawan ne suka cika gidan, shi kansa ya rubuta waƙa a kan haka. Jikan ’yan gudun hijira ne, ya ga zaluncin da ake yi wa mace sarai, amma na wata ƙaramar al’umma da ke zaune kusa da shi ya shige masa duhu.

Labarin Effi ba daga iska ya ɗauko shi ba. A Nuwamba 1886 wani hafsa, Armand von Ardenne, ya harbe wani alƙali, Emil Hartwich, a fito-na-fito saboda wasiƙun da ya samu a akwatin matarsa Elisabeth. Aka yanke masa shekara biyu, aka yi masa afuwa bayan kwana 18, ya ci gaba da hawa har ya zama janar. Elisabeth kuwa, da aka sake ta aka ƙwace ’ya’yanta, ba ta kwanta ta mutu ba. Ta koyi aikin jinya, ta yi shekaru tana kula da marasa lafiya, ta rayu har 1952, ta rasu tana da shekara 98. Sau da yawa nakan tambayi kaina me ya sa Fontane ya kashe tasa. Wataƙila ya san masu karatunsa: za su yi wa matacciya kuka, amma rayayya mai cin gumin kanta ba za su yafe mata ba.

Kaɗan ya rage littafin bai fito ba. A 1892, yana tsakiyar aikinsa, ciwo mai tsanani ya kwantar da shi, jiki da zuciya, har iyali suka fara fid da rai da sauran rubutu. Likitansa ya ba shi shawarar ya ajiye labarin ya rubuta tarihin yarintarsa. Ya bi shawarar, ya koma Swinemünde a takarda, ya zauna da mahaifinsa mai caca da daɗin baki, ya warke. Sannan ya dawo ya ƙarasa Effi Briest, wanda shi ne littafinsa na farko da ya yi kasuwa sosai.

Na ƙarshe, Der Stechlin, kusan babu labari a cikinsa. Shi da kansa ya taƙaita shi da cewa wani tsoho ya mutu, wasu matasa biyu sun yi aure. Sauran duk hira ce, tsakanin wani dattijon basarake mai sauƙin kai da limamin coci da baƙi daga birni, a bakin wani tafki da mutanen yankin suke cewa yakan motsa duk sanda ƙasa ta girgiza a wani wuri mai nisa a duniya. An buga shi kashi-kashi a mujalla a 1897. Fontane ya rasu a gidansa na Barlin ranar 20 ga Satumba 1898, makonni kaɗan kafin littafin ya fito a ɗaure. Aka binne shi a maƙabartar al’ummar Faransawa ta Barlin, cikin zuri’ar waɗanda suka zo gudun hijira, Emilie kuma ta biyo shi a 1902, aka sa ta kusa da shi.